Littafin Bashin da Ya Rikice: Yadda Aka Bi Tarihin Fayil a Wani Shagon Taki a Gombe

Shagon da tsarinsa

Shagon na cikin garin Gombe. Yana sayar da takin zamani, NPK da yuriya, da irin masara da maganin feshi. Yawancin cinikinsa na damina bashi ne. Manoma daga Kumo da Deba da Dukku da Dadin Kowa kan ɗauki kaya a watan Mayu da Yuni, su riƙa biya kaɗan-kaɗan, su ƙarasa da kaka idan amfani ya zo gida. Mutum uku ne ke taɓa lissafin: mai shagon, wanda kowa ke kira Alhaji, da akawunsa, da ɗan Alhajin da ke taimakawa idan kasuwa ta cika.

Duk bashin shekarar 2024 yana cikin fayil guda na Excel. Ginshiƙin A suna ne, B gari. An bar C fanko, an matse shi ya zama siriri, don dai ya raba sunaye da lambobi a ido. D kwanan wata, E nau'in kaya, F yawan buhu, G jimlar kuɗi, H abin da aka biya, I kuma saura, wato G a cire H. Babu lambar da ta bambanta wani layi da wani. Sunan mutum ne kaɗai shaidar layinsa.

Fayil ɗin na zaune a kwamfutar tebur ta shago, kuma manhajar Google Drive ta kwamfuta ce ke daidaita shi da laftaf ɗin ɗan Alhaji. Asusun Google guda ɗaya duka suke amfani da shi. Mai gyaran kwamfutar da ya kafa musu tsarin a watan Janairu ya yi abubuwa biyu da daga baya suka yi rana. Na farko, ya zaɓi tsarin madubi, wanda ke ajiye ainihin fayil a faifan kwamfuta, ya bar ɗaya tsarin da ke janyo fayil daga intanet sai an buɗe shi, kuma ya sa foldar Drive ɗin a cikin Documents. Na biyu, ya jona faifan ajiya na waje mai girman terabait 1 a bayan kwamfutar, ya kunna File History, tsarin ajiyar ko-ta-kwana da ke zuwa da Windows tun daga Windows 8 na shekarar 2012. Ya bar shi a saitinsa na asali: kwafi duk bayan awa ɗaya, kuma ba a goge tsoho. A shagon babu wanda ya ƙara tuna faifan. Yana nan a bayan tebur, ƙura ta rufe shi, ƙaramar fitilarsa tana ta ƙiftawa.

Akwai wata al'ada ta akawun da ya kamata a sani. Saboda yawan ɗaukewar wuta, yakan danna Ctrl da S bayan kowane abokin ciniki. A ranar ciniki mai kyau yakan adana fayil ɗin sau goma sha huɗu ko fiye.

Ƙarshen Yuni zuwa Litinin 8 ga Yuli: alamu

Bayan Babbar Sallah, wadda ta faɗo Lahadi 16 ga Yuni, manoma biyu sun yi ƙorafi a ranaku daban-daban cewa yawan buhun da aka karanta musu ba shi suka ɗauka ba. Bambancin bai da yawa, kuma dukansu sanannu ne a shagon, sai akawun ya ɗauka kuskuren shigarwa ne, ya gyara lambar ginshiƙin F nan take, aka wuce wurin. Jimlar da ke ƙasan shafin ba ta nuna komai ba. Duk Asabar Alhaji kan duba jimlar bashin da ake bi, kuma tana tafiya daidai da abin da ya fita daga sito.

Ranar Litinin 8 ga Yuli wani dattijo daga Kumo ya zo rage bashinsa. Akawun ya nemo sunansa, ya karanta masa buhu 40 na yuriya. Dattijon ya ciro rasit a naɗe cikin leda daga aljihun gaban rigarsa, ya shimfiɗa shi a kan tebur ya danne da yatsa. Buhu 6 ne na NPK, ranar 27 ga Mayu.

"Alhaji, Allah ya ja kwana, gonata ma ba za ta ci buhu arba'in ba," in ji shi.

"Yi haƙuri, Baba. Bari mu duba."

Aka ɗauko kundin rasit mai kwafin kabon, aka gwada sunaye goma da ka. Ko ɗaya bai yi daidai ba. Nan ne kowa ya gane ruwa ba ya tsami banza, kuma idon Alhaji ya koma kan akawun, tunda shi ke zaune a gaban kwamfutar yini guda.

Litinin da Talata, 8 zuwa 9 ga Yuli: abin da aka gwada bai yi ba

An fara da Ctrl da Z, maɓallan janye gyaran da aka yi. Wannan ba ya komawa bayan lokacin da aka buɗe fayil, da zarar an rufe Excel tarihinsa ya tafi. An leƙa kwandon shara na Windows da na Drive. Babu komai, domin ba a goge fayil ba, cikinsa ne ya canza.

Daga nan ɗan Alhaji ya buɗe Drive ta burauza, ya danna ɓangaren dama na maus a kan fayil ɗin, ya shiga wurin da aka rubuta Manage versions. Ya kwantar wa kowa da hankali cewa Google na ajiye tsofaffin kwafi har kwana 30. Haka ne, amma rabin ƙa'idar ke nan. Ga fayil irin na Excel da aka ɗora a Drive, tsohon kwafi na iya gogewa bayan kwana 30, ko kuma idan sababbi 100 suka taru a bayansa, duk wanda ya riga. Fayil da ake adanawa sau goma sha huɗu a rana yakan cika ɗarin cikin kwana bakwai ko takwas na aiki. Kwafi mafi tsufa da ya gani a jerin na Asabar ne 29 ga Yuni. Ya sauke shi, ya buɗe, dattijon Kumo na nan da buhunsa arba'in. Duk da haka ya ɗora shi a matsayin sabon kwafi don ya gwada, ya ga ba sauyi, ya mayar da na ranar Litinin. A wannan shafin babu maɓallin maido da tsoho kai tsaye ga irin wannan fayil, abin da ke akwai shi ne saukewa, da riƙewa har abada, da gogewa, da ɗora sabo. Kowane ɗorawa sabon kwafi ne da ke ture na ƙasa. Ga shi kuma ciniki bai tsaya ba, akawun yana ta adanawa kamar kullum. Zuwa yammacin Talata kwafin 29 ga Yuni ma ya fita daga jerin.

Sai aka tuna da laftaf. Ta yi kwanaki a gida ba a kunna ta ba, aka sa rai tana riƙe da wani tsohon kwafi. Aka kawo ta shago aka kunna. Tana tashi ta kama intanet ɗin wayar mai ita, wanda ta saba haɗuwa da shi da kanta, kafin a buɗe foldar manhajar ta riga ta sauko da na yanzu ta rufe tsohon da shi. Ko me ke cikinta kafin nan, ba a ƙara ganinsa ba. Da an kashe intanet ɗin wayar da duk wani Wi-Fi da ta sani kafin a danna maɓallin kunnawa, da an sami damar kwafe fayil ɗin zuwa filash.

Abu ɗaya mai amfani da kwanakin biyu suka haifar shi ne kwafin da akawun ya taɓa tura wa Alhaji ta WhatsApp ranar Litinin 20 ga Mayu. An buɗe shi, sunaye da kaya duk sun dace da rasit. Ya tsufa da yawa da za a koma kansa, domin mafi yawan bashin damina bayansa aka ɗauka. Amma ya kafa iyaka: ranar 20 ga Mayu fayil lafiyarsa ƙalau, ranar 29 ga Yuni ya lalace.

Laraba 10 ga Yuli, da safe: tsayar da komai

An kira mai gyaran da ya kafa tsarin. Bai fara da neman tsohon kwafi ba. Ya danna alamar Drive da ke kusa da agogo a kwamfutar shago, ya dakatar da daidaitawa, ya yi haka a laftaf. Ya kwafe fayil ɗin yadda yake zuwa filash, ya raɗa masa suna mai kwanan wata. Ya shiga jerin kwafin Drive ya sa wa mafi tsufa da mafi sabo alamar riƙewa har abada, wadda a allo take rubuce Keep forever. Ya ce cinikin ranar a rubuta shi a takarda, kada a taɓa fayil ɗin har sai ya ce.

Sannan ya zagaya bayan tebur ya ga faifan waje na nan a jone.

Laraba da rana: karanta tarihin

Hanya biyu ake shiga abin da File History ya tara. Ɗaya ta tagarsa ce: a buɗe Control Panel, a shiga File History, a zaɓi maido da fayiloli. Za a ga folda kamar yadda take a wani lokaci, da kibiyoyi biyu a ƙasa na komawa baya da zuwa gaba, da koren maɓalli a tsakiya. Koren maɓallin nan ne abin tsoro. Idan aka danna shi kai tsaye yana mayar da tsohon kwafi ne mazauninsa na asali, kuma da an amince ya maye gurbin na yanzu, manhajar daidaitawa za ta ɗauke shi ta kai ko'ina. Idan dole sai an yi amfani da shi, a danna shi da ɓangaren dama na maus, a zaɓi wani wurin daban.

Ta biyu, wadda ya bi, ita ce buɗe faifan kansa. A ciki akwai folda FileHistory, cikinta sunan mai amfani, cikinta sunan kwamfutar, cikinta Data, daga nan sai harafin faifan da hanyar foldar kamar yadda take a kwamfuta. A can ƙarshe fayil ɗin bashi ya bayyana a jere, kowane kwafi da kwanan wata da lokaci liƙe a ƙarshen sunansa. Tsarin ba ya kwafe fayil sai ya canza, kuma ba ya aiki kwamfuta a kashe, saboda haka jerin na da giɓi. Ranakun Lahadi babu komai, haka ranakun Sallah, haka sa'o'in da aka ɗauke wuta ba a ta da janareta ba. Tsakanin 20 ga Mayu da 29 ga Yuni ya ƙirga kwafi 203. Ya kwashe su duka zuwa wata folda da ba ta cikin Drive, ya bar na faifan yadda suke.

Buɗe fayil 203 ɗaya bayan ɗaya aikin yini biyu ne, kuma ido kan gaji ya wuce abin da ake nema. Sai ya zaɓi layuka uku na mutanen da suka ɗauki kaya kafin 20 ga Mayu, masu rasit a hannu, ya rubuta a takarda sunan kowanne da kayansa. Uku ya zaɓa domin layi guda na iya dacewa bisa sa'a. Daga nan ya riƙa raba jerin biyu. Kwafin tsakiya, na Juma'a 7 ga Yuni, lafiya. Ke nan duk abin da ya gabace shi an gama da shi. Tsakiyar rabin da ya rage, na 20 ga Yuni, a lalace. Na 12 ga Yuni lafiya. Na 14 ga Yuni a lalace. Buɗewa huɗu suka rage masa kwafi goma sha wani abu, wasu huɗun suka kai shi ga biyu da ke maƙwabtaka, duka na Alhamis 13 ga Yuni. Sunan na ƙarshe mai kyau ya ƙare da 2024_06_13 14_07_41 UTC, na farko da ya lalace kuma da 2024_06_13 15_07_55 UTC. Buɗewa takwas, ƙasa da rabin awa.

Da aka ajiye su gefe da gefe, babu wanda ya buƙaci bayani. A na farko sunaye na bin tsarin yadda mutane suka zo shago. A na biyu sun jeru bisa haruffa, daga masu A zuwa masu Z, garuruwa na biye da su. Ginshiƙan D zuwa I ko motsi ba su yi ba.

Ga yadda hakan ke faruwa. Idan mutum ya danna gurbi ɗaya a cikin sunaye ya latsa maɓallin jerawa na A zuwa Z, Excel da kansa ke ƙiyasta iyakar teburin, kuma iyakarsa ita ce layi ko ginshiƙin da babu komai a ciki. Siririn ginshiƙin C ya sa ya ɗauki A da B a matsayin tebur mai zaman kansa, ya jera su, ya bar sauran a inda suke. Da mutum ya haska ginshiƙi guda da ke manne da wasu bayanai, da gargaɗi ya fito yana tambaya ko a haɗa da na gefe. A nan babu abin da zai sa ya fito. Kuma tunda lambobi ba su motsa ba, jimlar da Alhaji ke dubawa duk Asabar ba ta canza da ko kwabo ba.

Maganar awa ɗaya

Da Alhaji ya ga 14 da 15 a sunayen, sai ya ce tsakanin ƙarfe biyu da uku ke nan, lokacin da akawun ke kan kujera shi kaɗai. Mai gyaran ya nuna masa haruffa ukun ƙarshe. File History na rubuta lokacin ɗaukar kwafi a sunan fayil da agogon duniya na UTC, agogon Najeriya kuma na gabansa da awa ɗaya duk shekara. Abin ya faru ne tsakanin 3:07 da 4:07 na yamma. A ranar, wadda saura kwana uku Sallah, akawun ya fita da wajen ƙarfe uku ya kai kuɗi banki kafin a rufe, kuma takardar ajiyar tana cikin kundin shago.

Tarihin bai faɗi wanda ya yi ba. Shafin ayyuka na Drive na nuna sunan asusun da ya yi gyara, su kuwa asusunsu ɗaya ne, don haka suna ɗaya ne daga sama har ƙasa. File History ma abin da ya sani shi ne fayil ya canza a faifan wannan kwamfutar, ko a gabanta aka canza shi ko daga laftaf ya sauko. Ɗan Alhaji ne da ya ga shafukan biyu ya tuna. A yammacin ya zauna a tebur, wani daga Dukku ya zo biya, layi ya yi tsawo, ya kasa ganin sunan, sai ya jera sunayen don ya same shi da sauri, ya karɓi kuɗin, ya adana.

Alhamis da Juma'a, 11 zuwa 12 ga Yuli: haɗa fayil

Shawara biyu aka kawo, duka biyun da an bi su da an ƙara ɓarna.

Ta farko, a maido da kwafin 13 ga Yuni gaba ɗaya. Yana da layuka 341, na yanzu kuma 412. Da an rasa sababbin bashi 71 da duk biyan da aka karɓa cikin kusan wata guda.

Ta biyu ta fi kama da dabara: a kwafo ginshiƙan A da B daga mai kyau a manna a kan na yanzu, tunda sauran ba su motsa ba. Kaya za su koma kan masu su, amma biya ba zai koma ba. Tun daga 13 ga Yuni, duk wanda ya kawo kuɗi akawun na neman sunansa ne ya ƙara kuɗin a ginshiƙin H na layin da sunan yake a lokacin. Kuɗin na mai sunan ne, layin na wani. Da an mayar da tsofaffin sunaye haka nan, da kuɗin kowa ya zama na wanda bai biya ba, kuma da an shafe shaidar da ke nuna ainihin wanda ya biya.

Abin da aka yi shi ne wannan. An buɗe sabon fayil a wajen Drive mai shafi uku: Kyau, wato kwafin 3:07 na 13 ga Yuni, da Yanzu, wato na filash, da shafin gwaji. A shafin gwajin aka sa =Yanzu!H2-Kyau!H2, wato biyan shafin Yanzu a cire na shafin Kyau, aka ja shi har layi na 342. Duk inda sifili ya fito biyan layin bai canza ba. Layuka 58 suka fito da bambanci. A gefen kowane bambanci aka janyo suna da gari daga shafin Yanzu, domin wannan ne mutumin da akawun ke kallo lokacin da ya karɓi kuɗin. An yi irin wannan gwaji a kan D da E da F da G, layuka biyu suka fito a F. Su ne gyare-gyaren nan biyu na bayan Sallah, inda akawun ya sauya buhun wasu mutane daban yana zaton yana gyara na masu ƙorafi. Aka bar lambobin shafin Kyau a wuraren biyu.

Layuka 343 zuwa 413 sai da aka tabbatar da su kafin a ɗauke su. Sunayensu ba su bi haruffa ba, kwanakinsu na tafiya a jere, wato ba a sake jerawa ba bayan na farko. An gwada goma sha biyar daga ciki da kwafin rasit, duk sun dace, sai aka ɗauke su yadda suke aka sa a ƙarƙashin shafin Kyau.

Daga cikin biya 58, guda 49 ba su da wahala, suna ɗaya ne, gari ɗaya, layi ɗaya. Sauran 9 su suka cinye ranar Juma'a. Wasu sunansu da garinsu iri ɗaya ne da na wani, wasu kuma mutum ɗaya ne mai layi biyu ko uku saboda ya ɗauki kaya sau da yawa. Nan kwafin awa-awa ya sake amfani. Ga kowane layi an sake raba jerin biyu har aka gano sa'ar da lambar H ta canza, sannan aka nemi rasit ko alat ɗin banki na wannan rana da wannan adadi. Bakwai sun warware ta haka. Biyu sai da Alhaji ya buga waya da kansa.

An rufe da gwaji biyu. Jimlar ginshiƙin H a sabon fayil dole ta yi daidai da ta fayil ɗin filash, tunda kuɗi wuri kawai suka sauya, kuma ta yi. Sannan aka ɗauki rasit talatin da ka, aka bi su ɗaya ɗaya, babu wanda ya kauce.

Asabar 13 ga Yuli: mayarwa da abin da ya rage

An adana gyararren fayil a kan tsohon, da sunansa na da, a mazauninsa na da. Ba a goge tsohon an sa sabo ba, domin a wurin Drive wannan wani fayil ne daban da tarihinsa zai fara daga farko. Aka shigar da cinikin kwana uku da ke takarda, aka sake kunna daidaitawa a kwamfutar shago, aka jira ta gama, aka sa wa wannan kwafin alamar riƙewa, sannan aka kunna ta laftaf.

Fayil ya gyaru, amma abin da aka faɗa wa mutane da baki ya riga ya fita. Manoma huɗu an ce musu sun gama biya alhali da saura a kansu. Uku sun biya fiye da abin da ake bin su, aka mayar musu. Alhaji ya je wurin huɗun da rasit ɗinsu, uku suka amince nan take, ɗaya ya ce sai kaka. Ya kuma ba akawun haƙuri a gaban waɗanda suka ji zargin.

An cire ginshiƙin C. An ba kowane layi lambarsa, ana kuma rubuta ta a kan rasit. An mayar da bayanan cikakken tebur da Ctrl da T, ta yadda jerawa ke ɗaukar layi gaba ɗayansa. Biya ya koma shafinsa daban, kowane biya sabon layi da kwanan wata da lambar bashin, ba a ƙara goge tsohuwar lamba a rubuta wata a kanta. Kowa ya sami asusun Google nasa, aka raba musu foldar. Duk Asabar bayan tashi ana sa wa kwafin ƙarshe alamar riƙewa, wadda Drive ke yarda a sa wa kwafi har 200 a fayil guda, wato fiye da shekara uku na Asabar-Asabar. An kuma sayi faifai na biyu da ake kwafe foldar a kai a tafi da shi gida.

Hukunci

Drive ya yi aikin da aka sa shi, wato kwamfutoci biyu su riƙe abu ɗaya, kuma da sauri ya kai lalataccen fayil ko'ina kamar yadda zai kai mai kyau. Tarihinsa gajere ne, kuma yawan adanawar akawun, wadda ke kare shi daga ɗaukewar wuta, ita ce ta ƙara gajarta shi daga kwana 30 zuwa kusan mako guda. Sauran manhajojin ma kowacce da iyakarta. Asusun OneDrive na kai yana riƙe kwafi 25 na ƙarshe. Dropbox na kyauta kwana 30 ne. Syncthing ba ya ajiye tsohon kwafi sam sai an kunna masa. Mai fayil da ake taɓawa kullum ya lissafa iyakar manhajarsa da yawan adanawarsa a rana, daga nan zai san kwana nawa tarihinsa ke kaiwa.

Faifan bayan tebur ne ya ceci lissafin, kuma sa'a ce ta sa yana aiki, domin wata shida babu wanda ya duba shi. Da tsarin janyowa daga intanet aka zaɓa a Janairu, da fayil ɗin bai shiga cikin abin da File History ke kwafewa ba. Ko da aka same shi, amfaninsa bai kasance a maido da tsoho ba. Babu kwafi ɗaya cikin 203 da za a iya mayarwa a zauna lafiya. An amfana da shi ne wajen gano sa'ar da abin ya faru, da abin da ya canza, da ranar da kowane biya mai rikici ya shiga.

Kuskure mafi tsada a ganinmu ya faru ne a ƙarshen Yuni, ranar da manomi na farko ya ce buhunsa ba haka ba ne aka gyara lambar ba tare da an buɗe kundin rasit ba. Ƙorafin ya zo kwanaki kaɗan bayan hutun Sallah, lokacin da adanawar da ta biyo bayan 13 ga Yuni ba ta kai ɗari ba. Kwafin mai kyau na nan a jerin Drive a ranar, biyan da aka shigar a gurbin da ba nasa ba kuma bai kai rabin 58 ba.